Kwat ɗin da Baba ya ɗinka ba awo

Babanmu tela ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya auna mutumin garinmu ba. Tef ɗinsa na awo na rataye a ƙusa bayan ƙofar shago, ya sha ƙura har lambobinsa sun fara dushewa. Baƙo kaɗai ke sa a sauko da shi. In ɗan gari ya kawo yadi ya miƙe yana ware hannuwa, sai Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Sauke hannunka, ba tashi sama za ka yi ba. Ni na ɗinka maka rigar makaranta, yau kai za ka koya mini faɗin kafaɗarka?" Sai mutum ya yi dariya ya tafi yana jin daɗi wai an san shi. Shi ya sa in ka shiga majami'armu ran Lahadi za ka ga rabin mazan a sandare, maɓallin ciki na neman agaji. Ba wanda ya taɓa ɗora wa tela laifi. Kowa cewa yake wanki ne ya tsuke yadin.

Ni ce auta. Na yi aure, na haifi nawa, amma har yau kullum ina shagon, ni ce mai sa maɓalli da guga da faɗa da masu zuwa karɓar kaya kafin lokaci. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya.

Lokacin da Yaya yake ƙarami abin hannu bai wadace mu ba, don haka marigayiya Mama takan tattara guntayen yadin da suka zube ƙarƙashin teburin yanka, ta harhaɗa ta yi masa riga. Riga ɗaya launi goma. Sai mutane suka sa masa suna Ƙyalle. Akan tare shi a hanya a ce, "Kai, juyo mu gani. Lallai, ga wandona a bayanka!" Ba da mugunta ake yi ba, wasa ne, shi ma dariya yake. Amma sunan ya bi shi har ya haɗiye na yanka.

Yana saurayi siriri ya bar gida ya tafi karatu, daga nan ya zama mai koyar da Maganar Allah. In ya zo gida kwana ɗaya ne ko biyu, yakan tarar da Baba a kan keken ɗinki, su gaisa, Baba ya ce, "An iso?" ƙafarsa na ci gaba da taka keken. Labari dai na zuwa mana cewa a can inda yake mutane har ta taga suke leƙe in yana koyarwa. Garinmu kuwa in an faɗa sai a taɓe baki a ce mutanen birni ba su da aikin yi.

Ni na gani da idona. Wata shekara na kai ɗiyata babban asibiti a birnin da Yaya yake, Lahadi ta same mu a can, na je majami'arsu na zauna a baya. Aka ce Malam zai yi magana. Sai ga wani mutum ya miƙe, mai faɗin ƙirji, furfura ta fara tsirowa a gemunsa, ya yi magana a hankali kamar mai hira da mutum ɗaya. Ban san sanda na fara kuka ba. Sai da aka tashi na tuna cewa wannan mutumin ne nake ɓoye wa takalmi in mun yi faɗa.

Da na dawo na ba Baba labari ina rawar jiki. Ya ciji zare, ya tofar, ya ce, "Wai Ƙyalle? Yaron da har ya bar gidan nan bai iya zura zare a allura ba?"

Raina ya ɓaci, amma na koma kan gugata, don Baba ba a ja da shi in yana riƙe da almakashi.

Bayan wasu shekaru aka kawo mana sabon fasto, ba ɗan gari ba. Shi ya taɓa jin Yaya a wani taro, kuma ya dinga damun dattawan ikilisiya har suka yarda a gayyato shi ya yi wa'azi Lahadi guda. Yaya ya kira ni a waya. Muryarsa kamar ta yaron da za a kai makaranta ranar farko.

Ya ce, "Auta, Baba zai zo kuwa?"

Na ce, "Yaushe ya taɓa fashin sujada?"

Ya ce, "Ba zuwan nake nufi ba. So nake ya ji ni. Ko sau ɗaya ne, kafin ɗayanmu ya bar duniya. Sauran mutanen duk su yi barci in sun ga dama."

Kada wani ya ce Baba ba ya son ɗansa. Ranar da ya ji labarin gayyatar ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya tafi kasuwa ya sayo yadi ruwan toka, mai nauyi, irin wanda in ka shafa sai ka sake shafawa. Ya ce kwat zai yi wa yaron, kada ya tsaya gaban jama'a da ɗinkin wani. Ya ture aikin kowa gefe. Ya shimfiɗa yadin, ya ɗauki alli, ya ja layin kafaɗa ba ko ɗar.

Na leƙa na ce, "Baba, Yaya fa ya yi jiki."

Ya ce, "Ke kika haife shi?"

Na ce, "A'a, amma na gan shi."

Ya ce, "Ni ma ina ganinsa tun ba ki zo duniya ba. Je ki duba dutsen gugarki."

Ban taɓa ganin Baba ya ƙawata ɗinki kamar wannan ba. Shafin ciki da hannu ya yi shi. Aljihu ya warware ya sake don wai bakinsa ya ɗan karkace. Ni na sa maɓallan, ina sawa ina kallon ƙanƙantar kafaɗar.

Yaya ya iso ran Asabar da la'asar, ya wuce shago kai tsaye da jakarsa. Baba ya sauko da kwat ɗin daga rataya, ya kaɗe shi, ya riƙe masa ta baya kamar yadda ake yi wa manya. Hannu ɗaya ya shiga. Na biyun sai da aka yi dabara. Hannun kwat ɗin ya tsaya can sama da agogonsa, kafaɗa ta ɗame, maɓalli kuwa ko gaisawa da raminsa bai yi ba.

Yaya ya juya ya miƙa hannu bayan ƙofa, ya ciro tef ɗin daga ƙusa, ya hure ƙurar, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Ya ce, "Baba, ka auna ni. Akwai sauran yadi, ko ɗan ƙari ne a yi a baya."

Baba ya dubi tef ɗin, bai karɓa ba. Ya ce, "Mayar inda ka ɗauko. Baƙi ake aunawa. Sabon yadi ne, in ya ji ɗumin jiki zai saki."

Yaya ya mayar da tef ɗin a ƙusa. Da muka fito na ja shi gefe na ce kada ya kuskura ya sa wannan abin gobe, ga rigunansa masu kyau a jaka. Ya ce, "In ban sa ba, kunnensa zai toshe tun ban buɗe baki ba. Ki bar ni in matsu na awa ɗaya."

Ran Lahadi majami'a ta cika har da waɗanda rabonsu da sujada tun bikin aurensu. Ba jin wa'azi ya kawo su ba, kallo suka zo yi. Baba na bencin gaba, ya harɗe hannuwa a kan sandarsa. Aka yi waƙoƙi, aka yi addu'a, fasto ya gabatar da baƙo da sunan Malam. Wani daga baya ya ce, "Wane Malam?" aka ɗan yi gunagunin dariya.

Yaya ya hau mumbari yana tafiya kamar wanda aka ɗaure wa katako a baya. Ya gaishe da dattawa, ya gaishe da iyaye mata. Sai ya ce zai fara da rigar da Mama take haɗa masa. Ya ce yana yaro yakan ji kunyarta, sai da ya girma ya gane cewa duk garin nan yake sanye da shi a jikinsa. Ya ce haka Ɗan Allah ya yi, bai zo da tufar sama ba, namu guntayen ya ɗauka ya sa, gajiyarmu da yunwarmu da hawayenmu, bai kuwa ji kunyarsu ba.

Na ce a raina, yau kam za su ji.

Sai Mai Magani, wanda ke da kantin magani kusa da tasha, dattijon ikilisiya ne kuma ba ya iya riƙe magana a ciki, ya ɗaga murya ya ce, "Shuɗin da ke aljihun waccan rigar nawa ne!" Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce jan da ke wuya nata ne, na zanen da ta sa ranar sunan ɗanta na fari. Nan fa aka ɓalle. Wannan na tuna wa wancan ranar da Ƙyalle ya faɗa kwata da sabuwar riga, wancan na ba da labarin yadda ya yi barci a bencin mawaƙa har ya faɗo. Fuskokinsu duk fara'a. Wallahi da ƙauna suke yi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Yaya ya jira, ya yi murmushi, ya ce, "Haka ne, duk haka ne. To ku bari in ƙarasa." Ya ɗaga hannun dama don a yi shiru.

Ƙarar ta kai har bencin baya. Hammatar kwat ɗin ta ɓarke, farin shafi ya leƙo.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Yara suna ta faɗuwa a kan juna don dariya, manya na rufe baki da littafin waƙa, fasto na ta kaɗa hannu a banza. Yaya ya sauke hannunsa ya manne shi a jiki, ya ci gaba da magana. Ya yi magana mai tsawo, bakinsa na motsi, idonsa na kan bencin gaba. Ni kaina ban ji ba, don ina can ina harare-harare ina ce wa mutane su ji tsoron Allah. Baba kuwa tun daga lokacin har aka ce amin, idonsa bai bar hammatar nan ba.

Da aka fito, mutane suka kewaye Baba suna tsokanarsa. Mai Magani ya ce, "Tela, yau dai zarenka ya ba ka kunya." Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ɗinkina bai taɓa ɓarkewa a jikin kowa ba. Shi ne ya je can aka yi ta kiransa Malam har ya kumbura. In ya dawo daidai girmansa, rigar za ta shige shi."

Yaya na tsaye a bakin ƙofa, bai fi taku kaɗan ba. Ya ji.

Mutum ɗaya ce ta zo wurinsa don wa'azin. Wata nas ce da aka turo asibitin garinmu ba da daɗewa ba, ba ta san Ƙyalle ba, ba ta da guntun yadi a rigar kowa. Idonta jawur ta ce, "Malam, mahaifiyata na kwance, ka yi mana addu'a." Ya kai ta gindin bishiyar da ke harabar, ya ɗora mata hannun hagu a ka, na daman na manne da yagaggen wurin, ya yi addu'a.

Tun ina ƙarama a ajin Lahadi nake jin labarin ranar da Ubangiji Yesu ya koma garin da ya girma, ya yi koyarwa, mutanen suka ƙi shi don sun san sana'arsa, sun san uwarsa da 'yan'uwansa. Kullum nakan ɗauke su mugaye masu jajayen idanu. Ranar nan na gane su. Mutane ne irin namu. Wataƙila akwai wadda take cin abinci a kan teburin da ya ƙera, akwai wanda ya taɓa goya shi. Ba su ga dalilin sake dubansa ba, tunda sun riga sun gama ganinsa tuntuni. Na ji tausayinsu, na ji haushinsu, kuma na ji tsoro, don ni ma sai da na je inda ba a san shi ba kafin na saurare shi.

Washegari da safe Yaya ya ninke kwat ɗin ya ajiye a kan teburin yanka. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, Baba ya ce, "A sauka lafiya," yana gyara zare a keke. Na raka shi tasha. Ina ta zazzaga masifa a hanya, na zagi Mai Magani, na zagi garin gaba ɗaya. Sai da ya sa ƙafa a mota sannan ya juyo.

Ya ce, "Ban yi fushi ba, Auta. Mamaki kawai nake. Rabin wa'azin na biyu, wanda ba a ji ba, na Baba ne, na daɗe ina shirya masa shi."

Na ce, "To ka faɗa mini in kai masa."

Ya girgiza kai ya ce, "Ba saƙo ba ne."

Ba a jima ba aka tura shi aiki wata ƙasa mai nisa, inda zuwa gida ba abin wasa ba ne.

Kwat ɗin ya daɗe a kan teburin, Baba na ture shi gefe in zai yi yanka. Wata safiya ya ce zai gyara, don ya nuna wa masu baki cewa zare ne ya yi rauni. Ya buɗe hammatar ya kai ta bakin ƙofa wurin haske. Zaren na nan daram, ɗinkin bai motsa ba. Yadin ne da kansa ya yage a gefensa.

A lokacin ina guge wata farar riga ta Yaya da ya manta a kan igiyar shanya, ina so in adana masa. Baba ya ce, "Kawo nan." Ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗora kwat ɗin a kai, wuya a kan wuya. Farar rigar ta leƙo ta ko'ina, ta kafaɗa, ta ƙirji, ta hannu. Ya sa tafin hannunsa a kan abin da ya rage a kafaɗa, bai rufe shi ba.

Don in sauƙaƙa masa na ce, "Ai shi ke nan, Baba. Ga awo ya samu. Ka ɗauka a jikin wannan ka ɗinka wani, mu aika masa."

Ya juya wuyan rigar, ya ga ɗan tambarin wani tela da ba mu sani ba. Ya ce, "Wani ne ya auna shi." Ya shafa tambarin da yatsa. "Wani ƙato can ya zagaya ƙirjin ɗana da tef, ya tambaye shi ko ya matse, ko ya yi daidai. Ni kuma ya miƙo mini da hannu biyu na ce ya mayar."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka binne Mama. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya zauna. Can ya ce, "Ranar nan, bayan maganar guntaye, me ya ce?"

Na ce ban ji ba.

Tun daga ranar tef ɗin ya bar ƙusa ya koma wuyan Baba. Duk wanda ya kawo yadi sai an auna shi, ko da jiya aka haife shi a gaban shagon. Mai Magani ya zo, aka zagaya cikinsa, Baba ya faɗi lambar, Mai Magani ya ce sharri ne, a sake. Da ya sa sabuwar rigar ya ce rabonsa da numfashi mai daɗi a majami'a tun yana ango. Kuma duk wanda Baba ke aunawa, in ya zo daidai kafaɗa, sai ya yi kamar maganar ta faɗo masa ne ya ce, "Kana nan ranar da yaron nan ya yi wa'azi. Bayan abin ya yage, me ya ce?" Kowa ya tuna ƙarar yagewar, wasu har su kwaikwaya. Ba wanda ya riƙe ko kalma ɗaya. Fasto ya ce hankalinsa na kan tsawatar wa yara. Muka nemi nas ɗin, aka ce an mayar da ita wani gari.

Na kira Yaya a waya na ba shi labari. Na miƙa wa Baba wayar, ya ɗaga hannuwa kamar na miƙo masa garwashi. Ya ce, "Ba a awo ta waya. Ki ce masa ya zo. Ki ce wa Malam ya zo." Na faɗa masa yadda aka faɗa, ban rage ba. Na ji yana jan hanci. Ya ce zai zo da zarar an ba shi hutu, amma bai san yaushe ba.

Baba ya sake komawa kasuwa ya sayo irin yadin nan ruwan toka, ya fi na farko yawa. Yana saman kanta a ninke, na lulluɓe shi da tsohon zane saboda ƙura. Damina ta wuce, wata ta zo. Idon Baba ya ƙara rauni, yanzu ni ke zura masa zare a allura. Shagonmu na kallon hanyar tasha, kuma duk sanda babbar mota ta tsaya sai in ji keken ya yi shiru, sai fasinjoji sun gama watsewa sannan ya ci gaba. Ni ma nakan ajiye dutsen guga in leƙa. Ina kewar Yaya, kuma ina roƙon Allah kullum kada ya makara.

Jiya wani ango ya hango yadin ya ce a sayar masa ko nawa ne. Baba ya ce ba na sayarwa ba ne, na ɗansa ne.

Angon ya ce, "To me ya hana a ɗinka tuntuni, Baba Tela? Ga shi har ya fara kama ƙura."

Baba ya taɓa tef ɗin da ke wuyansa ya ce, "Ban san awonsa ba. Sai ya zo."